Sulusi da Rubu'i a Aji Huɗu

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan mijin nan nawa mai gudun wanka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da take neman riga sauran jikin tsufa. Babanki ya zo ranar hutu, ya sha shayi, ya yi mini faɗa a kan hawa bene, ya tafi. Kin san ƙanena, tun da ya yi furfura ya manta wanda ya goyi wani.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. A waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, ga shi kin ci sunan mahaifiyarmu, ba dama in tsawata miki. Takarda kuwa ba ta katse ni.

An kawo mana sababbin littattafan lissafi, tare da wani ƙato da aka ce shi ne jagoran malami. Na buɗe bangon ciki don in ga su wane ne suka ɗora mana wannan kaya, sai ga sunanki a cikin waɗanda suka rubuta. Babu wanda ban nuna wa ba a ɗakin malamai. Daga nan na zauna na fara karantawa, sai murnar ta soma raguwa.

Kin zauna a ajina, kin san yadda nake aikina. In faɗa su maimaita, in ɗauko farkon magana su ƙarasa, har malamin aji biyar ya tashi ya rufe tagarsa. Shekara kusan talatin ke nan, kuma 'yan ajina ba su taɓa ba ni kunya a jarrabawa ba. Littafinku kuwa cewa yake malami ya yi tambaya, ya yi shiru, ya jira. Ya raba takardu yara su ninka, shi kuma ya yi ta zagaya yana saurare. To idan yara ne za su yi maganar, ni mene ne aikina, tsaron ƙofa?

Da a nan abin ya tsaya da sai in ajiye littafin a kan kabad in ci gaba da harkata. Amma Hedimasta ya tara mu ya ce mai duba makarantu zai zagayo, kuma duk malamin da aka samu bai iya aiki da sabon littafi ba, za a nema masa wani aikin. Shi bai dube ni ba, sauran ne duk suka dube ni. Aikin da ba shi da mai shi a makarantar nan guda ɗaya ne, wato sito, ɗakin nan na bayan ofis mai karyayyun kujeru da kwalayen alli. A can aka ajiye tsohon malamin aji shida, yana ba da tsintsiya yana karɓa har ya yi ritaya. 'Yan shekarun da suka rage mini a aji huɗu nake so in ƙarasa su, a tsaye gaban allo. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro.

Abu ɗaya ya fi ɗaure mini kai. A gefen kowane darasi akwai wani ɗan akwati da aka rubuta wa “Abin da yara kan faɗa”, cike yake da amsoshin da ba daidai ba. Mene ne amfanin buga kuskure a littafi? Ki yi mini bayani da Hausar mutane, ba irin ta ofishinku ba.

Ki gai da mutanen gidan.

Goggonki

*

Goggo,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗi ƙwarai. Muna lafiya. Mijinki ya fara haɗa magana, ya ce a gaya miki shi ma ba ya son bene. Don Allah ki riƙa shafa maganin gwiwar nan, kada ki bari sai ta kumbura.

Na yi dariya da maganar tsaron ƙofa, amma maganar sito ba ta ba ni dariya ba. Goggo, babu wanda zai raba ki da aji huɗu in Allah ya yarda. Wanda ya iya riƙe yara fiye da hamsin da ido kawai, wannan littafi ba zai gagare shi ba.

Game da akwatin, shi ne zuciyar darasin, kada ki tsallake shi. Ki duba darasin sulusi da rubu'i, wato ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu. Za ki tambaye su wanne ya fi girma. A akwatin mun rubuta cewa yaro zai ce rubu'i, saboda huɗu ta fi uku. Wani zai musa masa. Sai ki ba su takarda su ninka gida uku, su ninka wata gida huɗu, su gani da idonsu. Idan kurakuran nan ba su fito fili a ajin ba, to darasin bai yi ba, ko da kowa ya ba da amsa daidai. Ki tabbata sun fito. Mai duba ma abin da aka koya masa ya nema ke nan.

Shirun kuma kada ya dame ki. Bayan tambaya ki ɗan dakata, ko da zai yi miki nauyi.

A gurguje nake rubuta wannan, don gobe za mu fita zagayen makarantun karkara mu ga yadda ake amfani da littafin, kuma za mu ɗan jima. Ki gai da Baba, ki ce na ce ya daina yi wa yayarsa faɗa.

'Yarki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin je lafiya kin dawo lafiya. Gwiwa da sauƙi, ina shafa maganin duk da warinsa yana korar mutane daga kusa da ni a ɗakin malamai.

Allah ya yi miki albarka, takardarki ta warware mini komai. Ashe abin ba wuya. Da kun rubuta a bangon littafin cewa wasan kwaikwayo ne, da ba mu sha wannan wahala ba. Kin ce in tabbata kurakuran sun fito, to na tabbatar.

Ga yadda na tsara. Kuskuren rubu'i na ba wa 'yar mai ɗinki, wata 'yar siririya da ke zama a layin gaba, don ta fi kowa murya da saurin hadda. Da farko ƙi ta yi, har da ƙwalla, wai ita ta san sulusi ne ya fi girma, me zai sa ta faɗi ƙarya a gaban baƙo. Na lallashe ta na ce littafi ne ya ce dole wani ya faɗa, kuma ba kowa ake ba irin wannan aiki ba. Ɗan direba shi ne zai musa mata, don dama musu a jininsa yake. Wani dogon yaro na layin baya shi zai ɗaga takardar da ya ninka ya nuna wa aji. Sauran kurakurai biyu na akwatin su ma na samar musu masu su.

Shirun ne ya fi ba mu wahala. Da na yi tambaya sai duk ajin ya ɗauka da amsa kamar yadda suka saba. Yanzu na koya musu, in na tambaya kowa ya sa hannu a haɓa ya dubi rufi kamar mai tunani, sai na taɓa gilashina sannan 'yar mai ɗinki ta ɗaga hannu. Kullum bayan an tashi muna maimaitawa. Jiya sun yi shi tsaf, har ni kaina na kusa yarda ba ta san amsar ba.

Malamar aji uku ta leƙo ta gani, ta ce ita ma haka za ta yi. Kin ga har na fara koyar da littafinku.

An ce mai duba yana makarantar da ke kusa da mu, ko yaushe zai iya faɗowa. Ki yi mini addu'a.

Goggonki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Shiru ban ji daga gare ki ba. Na tambayi babanki ya ce shi ma bai samu wayarki ba, wai inda kuke babu sabis. Allah ya sa lafiya. Mu nan ƙalau.

Mai duba ya zo. Wani matashi ne mai yawan gyaran wuyan riga, ya zauna a bayan aji da jagoran malami a buɗe a cinyarsa yana bi da yatsa. Yarana ba su ba ni kunya ba. An sa hannu a haɓa, na taɓa gilashi, 'yar mai ɗinki ta yi kuskurenta, ɗan direba ya musa, dogon ya ɗaga takarda. Muna rufe darasi ana kaɗa ƙararrawa. A ofis mai duba ya ce wa Hedimasta duk zagayensa bai ga ajin da darasi ya tafi daidai da littafi kamar nawa ba. Hedimasta ya yi ta washe baki kamar shi ya koya mini.

Sai dai yabon ya zo da kaya. Za a tara malaman lissafi na yankinmu a babbar makarantar da ke bakin titi, kuma ni aka zaɓa in koyar da darasin nan a gabansu. Na ce to, a ba mu mota in kwashi yarana. Ya ce babu buƙata, akwai aji huɗu a can. Na ce to a bar ni in je in ga yaran kafin ranar. Ya yi dariya ya ce malama irina ba ta buƙatar haka, a ba ta kowane aji za ta yi. Na yi murmushin dole.

Uwata, yaya zan yi da yaran da ban taɓa gani ba? Wa zai yi kuskuren? Idan babu wanda ya yi, kin ce darasin bai yi ba. Idan kuma suka yi wanda ba ya cikin akwati fa? Ko akwai wata dabara da kuke ba malamai wadda ba a buga a littafin ba? Ki amsa mini da wuri, ranar ba nisa.

Wani ɗan abu kuma, ba babba ba. 'Yan ajin sun laƙaba wa 'yar mai ɗinki suna Rubu'i, tun daga nan ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Na tsawata musu. Yara ne, za su manta.

Goggonki

*

Goggo,

Wa'alaikumus salam. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu tare. Ina lafiya, zazzaɓi ne ya ɗan riƙe ni a hanya, shi ya sa muka ƙara kwanaki. Ki yafe mini shirun.

Na karanta ta farko na dafe kai. Laifina ne, a gurguje na rubuta ban yi bayani yadda ya kamata ba. Goggo, akwatin nan ba rabon aiki ba ne. Da na ce ki tabbata kurakuran sun fito, ina nufin suna nan cikin kan yaran tun kafin ki shiga aji, aikinki shi ne ki buɗe musu hanya su faɗe su da bakinsu. Mun rubuta su ne don kada su zo miki ba shiri, ba don a haddace ba. Yarinyar da kika ba kuskuren ta riga ta san amsar. Waɗanda ba su sani ba suna nan zaune da hannu a haɓa, kuma har yanzu ba su sani ba.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba, don ki gane abin da nake nufi. Kuskuren farko na akwatin nan, ni na sa shi, kuma nawa ne. A ajinki na haddace cewa sulusi ya fi rubu'i. Na faɗa da ƙarfi tare da kowa, na rubuta a jarrabawa, na zo ta ɗaya, kika saya mini jaka. Amma a cikin raina huɗu ta fi uku, kuma ina ganin kawai wata doka ce ta manya da ba a tambaya. Sai da na shiga sakandare, wata rana ina yanka sabulu, sannan abin ya faɗo mini. Duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayata me nake gani, don amsata kullum daidai take.

Game da taron, babu wata ɓoyayyiyar dabara. Ki yi tambayar, ki jira da gaske. Duk abin da yaro ya faɗa, kada ki ce daidai ko ba daidai ba, ki ce ya nuna miki yadda ya gane. Idan abin ba ya cikin akwati, ki bi shi a hakan. Kin fi mu sanin yara, mu da muke zaune a ofis.

Don Allah ki ja 'yar mai ɗinki a jiki. Kuma ki hana malamar aji uku.

'Yarki

*

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya ƙarfin gwiwar? Mu nan lafiya.

Na kira sau da yawa ba ki ɗauka ba. Baba ya ce yana nan aka kawo miki takardata, kin karanta, kin ninke, kin tura ƙarƙashin faranti, kika ce masa shayinsa yana hucewa. Ya ce tun suna yara in kika yi haka to kowa ya kama kansa.

Na sake tuna abin da na rubuta, na ga yadda zai iya sauka. Ban ce ba ki koya mini komai ba. Ke kika riƙe hannuna na rubuta sunana, ke kika tsaya a kaina har na kai inda nake. Abu ɗaya na faɗa a kan darasi ɗaya, kuma na faɗa ne don ina jin tsoron ranar taron ta zo miki a yadda ba ki zata ba. In na yi rashin kunya ki yafe mini.

Ban ma san ko an yi taron ba. Ko layi biyu ne ki rubuto, hankalina ba a kwance yake ba.

'Yarki

*

Uwata,

Wa'alaikumus salam. Takardunki biyu sun iso. Ina lafiya, gwiwa tana nan yadda kika san ta. Allah ya ƙara miki sauƙin zazzaɓin, ki daina yawo ba gidan sauro. Babanki kuma bakinsa ba ya riƙe magana, zan gamu da shi.

Gaskiya takardarki ta yi mini ciwo. Ke ce nake buga misali da ke a duk ajin da na riƙe. Sai ga shi da hannunki kin rubuta cewa sabulu ne ya koya miki abin da na sha na koya miki. Abin da na karanta ke nan, ko ba shi kika rubuta ba. Na yi fushi, na ce yarinya ta samu ofis da fanka ta fara gyara wa goggonta zama. Da fushin nan na tafi taron, ban kuma yi niyyar bin shawararki ba. Niyyata in na ga abin zai lalace in koma hanyata, in faɗa su maimaita, kowa ya watse.

Ajin babba ne, malamai sun jeru a baya har bakin taga, mai duba yana tsakiyarsu da littafinsa. Takardun ninkawa makarantar ce ta tanada, kuma tarkace ne, wasu tsoffin kalanda ne manya, wasu kuma an yago su daga littafin rubutu. Ban kula ba na raba. Na yi tambayar. Uwata, ashe shirun gaske daban yake da wanda muka yi ta gwadawa. Babu mai hannu a haɓa, ido kawai suka zuba mini. Na ji bakina ya buɗe da kansa zai ce “sulusi ya fi”, don su ƙarasa. Ban san abin da ya riƙe ni ba. Na dai cije, na tsaya ina jira.

Can wata yarinya mai ɗaurin kallabi a karkace ta ce rubu'i ne, ai huɗu ta fi uku. Kalma a kalma abin da ke akwatinku. Amma fuskarta ba irin ta 'yar mai ɗinki ba ce, wannan har zuciyarta take faɗa, kuma kusan rabin ajin suna gyaɗa kai. Ban taɓa ganin wannan fuskar a ajina ba, kuma na san ba don babu masu ita ba ne. A nan na tuna da ke kina 'yar aji huɗu, fushin ya sake ni.

Na ce su ninka su gani. Ana cikin ninkawa wata ta miƙe da rubu'in kalanda a hannu ɗaya, sulusin ƙaramar takardar maƙwabciyarta a ɗayan, ta haɗa su ta ce, “Malama, ga shi, rubu'i ya fi girma.” Kuma ya fi ɗin, kowa yana gani. Na saci kallon akwati, babu wannan a ciki. Na ce mata ban san yadda aka yi haka ba, sai mun bincika tare. Aji ya rabu biyu, musu ya kaure, ni kuma ina zagayawa da gwiwata ina jin abin da kowane layi ke cewa. Da ƙyar wani ya gano cewa sai takardun sun zama girma ɗaya kafin a gwada. Yana rufe baki aka kaɗa ƙararrawa, ko rabin darasin ba mu kai ba. Ku gyara shafin nan, ku rubuta cewa takardu su zama girma ɗaya. Ko kuma ku bar shi haka, ban gama yanke shawara ba.

Mai duba bai ji daɗi ba. Ya ce ban kammala darasi ba, aji ya cika da hayaniya, kuma na ce ban sani ba a gaban malamai. Ya tambaye ni me ya sa na yau ya bambanta da wanda ya gani a ajina. Na gaya masa yadda muka shirya wancan, har da taɓa gilashi. Ya gyara wuyan riga ya yi rubutu mai tsawo. Ina jin kunyar yabon da ya yi a gaban Hedimasta ce ta fi damunsa.

Rahoton ya riga ni isa makaranta. Da safe ina share allo sai ga Hedimasta da mukullin sito a hannu, yana ta kame-kame, wai ba hukunci ba ne, hutu ne saboda ƙafata. Na ce na ji, amma ya zauna ya ga darasi ɗaya tukuna, wanda ban shirya da kowa ba. Ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Sabon darasi ne, rabi da rubu'i biyu, wanne ya fi. Na tambaya na yi shiru. Duk suka sa hannu a haɓa suka dubi rufi. Na jira. Suka fara satar kallon gilashina, ni kuwa na cire shi na sa a aljihu. Sai suka juya suna kallon 'yar mai ɗinki, ita kuma ta sunkuyar da kai. Can ɗan direba ya ɗaga hannu, cikin ladabi, kamar mai tuna mini abin da na manta.

“Malama, ba ki gaya mana wanda zai yi kuskuren yau ba.”

Takardarki ba ta yi mini zafin wannan magana ba. Yara fiye da hamsin, na mayar da su ko kuskure sai sun jira an ba su. Na ce musu yau ban ba kowa ba, kowa ya faɗi abin da yake gani, kuma ni ma a taron nan an tambaye ni abin da ban sani ba, ban mutu ba. Muka sake yin shiru, mai tsawo, har Hedimasta ya fara duba agogo.

Dogon nan na baya ne ya fara, ya ce rubu'i biyu sun fi, tunda su biyu ne. Wasu suka ce rabi. Ɗan direba ya rasa wanda zai musa wa, ya musa wa duka. Na zagaya na tsaya kusa da 'yar mai ɗinki. Ta ninka takardarta ta sake ninkawa, ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, da wata 'yar murya da ban san tana da ita ba, tana ganin kamar ɗaya suke amma ba ta tabbata ba. Na ce ta je allo ta nuna mana. Ta tashi ta je. Wannan darasin ma ba mu gama shi ba.

Da aka fita Hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa yana juya mukullin. Ya ce shi dai rahoto rahoto ne, ba zai iya yaga shi ba. Amma mai duba zai sake zagayowa zango mai zuwa, kuma kafin nan babu wanda ya matsa masa a kan sito. Ya mayar da mukullin aljihu ya tafi. Zango ɗaya ke nan aka ba ni, bayansa ban san abin da zai faru ba.

Na je na samu malamar aji uku na ce ta saki yaranta. Ta ce ni na koya mata, na ce ni ce kuma nake hana ta.

Babu rashin kunyar da kika yi. Da na tambaye ki a lokacin, da kin gaya mini, ni ce ban tambaya ba. Ki turo mini jagoran zango na biyu in ya fito, kada ki jira a kawo ta ofis, su ba sa sauri. Ki shafa mini kan mijina.

Gobe awo za mu shiga, na tara kwalabe da kofuna a kan tebur. Na karanta akwatin sau biyu, amma ban san abin da za su faɗa ba.

Goggonki